Shukar da Akuya Ta Ƙi

Autana ne ya kawo irin, a ƙulle cikin 'yar leda, shekarar da aka fara shari'a a jiharmu. Lokacin mun baro ƙauyenmu na wajen Aujara mun koma Dutse, domin ya samu aikin ban ruwa a lambunan gidajen manyan ma'aikata. Mahaifinsa ya rasu, yayyensa mata duk suna ɗakunansu, daga ni sai shi a gidan haya.

Irin siriri ne baƙi, kamar an karkarya tsinken tsintsiya, da ɗan farin gashi a kai. A gona na girma, ko ido a rufe na san irin rama da na yakuwa da na kuɓewa, amma wannan ban taɓa gani ba. Ya kafce ƙasa kusa da randa, ya zuba taki, ya barbaɗa, ya rufe sama-sama.

Na ce, "Auta, mene ne wannan?"

"Fure ne, Inna."

"Miyar me ake yi da shi?"

"Ba a ci."

"To maganin me yake yi?"

Ya yi dariya. "Kallonsa kawai ake yi, Inna."

Ni ban yi dariya ba. A garinmu mutum ba ya ɓata ruwa da taki a kan abin da ba ya shiga tukunya, ba ya shiga jiƙo. In ka ga ana lallaɓa shuka safe da yamma, akwai abin da take yi. In kuma an ƙi faɗa maka, to ba alheri ba ne.

Ba a jima ba shukar ta tsiro. Da ta yi kamar taƙi ɗaya, ganyen ya rarrabu yatsu-yatsu, gefensa kamar haƙoran zarto. Na murza ɗaya na shinshina, wari ya daki hancina har cikin ka. Na kwance akuyata na kai ta wurin. Akuyar da ke cin leda da sabulu, ta sa hanci, ta yi atishawa, ta juya. Na mayar da ita turke.

A kwanakin an kama wani yaro a tasha da tabar wiwi, aka yi masa bulala a bainar jama'a. Ban je ba, amma na san uwarsa. Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa suna ko biki ba, ko rijiya sai dai ta aika. Ni kuwa ban taɓa ganin wiwi ba, ban san kamar ganyenta ba, kuma ba abin tambaya ba ne. Wa zan tambaya? Tambayar kanta shela ce.

Sai na sa wa Auta ido. In ya dawo aiki ina duba idonsa, ja ne, amma wanda ya yini a rana dole idonsa ya yi ja. Ina duba leɓensa. Kafin in wanke rigarsa sai na shinshina ta, na zazzage aljihu. In ya ci tuwo da yawa in tsorata, in ya ci kaɗan in tsorata.

Wata rana maƙwabciyata ta shigo ɗiban wuta, ta tsaya a kan shukar ta daɗe.

"Yaya, wannan ganye mai yatsu fa? Sabuwar miya aka samo mana daga birni?"

"Na yaron nan ne. Fure ne."

"Fure? Ina furen?" Ta gyara mayafi. "Ni dai ban ce komai ba. Amma samarin sintirin nan har cikin gida suke shiga yanzu in an kai musu magana."

Matar da ba ta ce komai ba, kafin la'asar unguwa ta ji. Na san ta.

Tana fita na ɗauki fartanya. Na tuttuge shukar, na zuba a masai, na daddale wurin da ƙafa. Amma ɗaya na bari. Tugewa za ta kare Auta daga mutane, ba za ta gaya mini ko ɗana ƙarya yake yi mini ba. Na dasa ta a fasasshiyar tukunya, na kai bayan ɗakina inda ba mai leƙawa, na kifa tsohon kwando a kai.

Da Auta ya dawo ya tsaya yana kallon ƙasar.

"Inna, akuya ce?"

"Ni ce."

Ya dube ni, na dube shi. Bai tambayi dalili ba, ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali, don ban san na mai gaskiya ba ne ko na wanda aka gano.

Makonni ina ba ta ruwa a ɓoye. Duk sallamar namiji a ƙofar gida sai in ɗauka samarin sintiri ne. Har shukar ta fitar da wani ƙulli kore a kanta, na kasa haƙuri na tsaga shi da farce. Ciki rawaya ne, a cunkushe. Bayan kwana kaɗan wani ƙullin ya buɗe da kansa, zagayayye, ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ta fi duhu. Na zauna a ƙasa ina kallon furen.

Na ciccibi tukunyar na ajiye ta a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani. Na aika a kira maƙwabciyar.

"Ga furen da kike nema."

"Kai, Yaya, ai ni da ma ban ce komai ba!"

Auta ya tarar da tukunyar a nan da yamma. Ya tsuguna ya taɓa furen da ɗan yatsa.

"Ashe kin bar ɗaya."

"Na bari in gani."

"Kin gani, Inna?"

"Na gani."

Ban ba shi haƙuri ba, uwa ba ta roƙon ɗanta don ta tsare shi. Da furen ya bushe ya murje irin a tafin hannu, ya ƙulle a leda, ya tafi da shi wurin aiki. Bai ƙara shuka komai a gidana ba.