Ruwan Tofin Yaya

Bayan an yi mini dashen ɓargo, sai suka kulle ni a wani ɗaki mai ƙofa biyu, wai jikina ba sauran garkuwa, ko murar yaro za ta iya kai ni kabari. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa bas a tashar Kudai ta Makka, alhazan duniya suna yi mini tari a ƙeya, ban taɓa kwanciya ba, yau ni ake ɓoyewa kada iska ta taɓa.

Komai an hana. Ba salak, ba yaji, tsire kuwa ko sunansa ba a so a ji. Abincin da suke kawowa an dafa shi har ya fita hayyacinsa. Bakina duk gyambo, ko ruwa na haɗiya sai in ji kamar fasasshiyar kwalba. Gashi ya zube har gemu. Kullum a ɗebi jini, likita ya leƙo ya ce ƙwayoyin jinin ba su tashi ba tukuna, a yi haƙuri. Haƙuri! Shi da zai koma gida ya ci kaza. Amma magana ɗaya ya faɗa mini ta zauna: in ƙwayoyin suka tashi cuta ba ta shige ni ba, zan tafi gida da ƙafata. In ta shiga, sai yadda Allah ya yi.

To, je ka faɗa wa mutanenmu haka. Rabin danginmu na unguwar Zahir sun zo dubiya, kowa da kular farfesu ko kunu. Matata kaɗai ake bari ta shiga, ita ma sai ta wanke hannu, ta sa rigar asibiti, ta rufe hanci da baki. Sauran su jeru a bayan gilashi suna ɗaga mini hannu kamar an kawo kura gidan kallo. Nas ɗin, wata 'yar Filifin, ta hana kulolin shiga, su kuma su zauna nan baranda su cinye, ina kallo. Gwaggona ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin ciwon da ba a gaisawa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Matsalata ita ce Yaya. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da carbi da turare, kuma shi ya ba da ɓargon. Yini guda ya yi a jikin na'ura ana tace jininsa, ko ƙorafi bai yi ba. A gidanmu kuwa, tun kakanmu da ya zo aikin Hajji a ƙafa, in mutum ya kwanta, babba a gida ne ke yin karatu a ruwan zamzam, ya yi tofi, a ba shi ya sha. Baba ya yi mana. Da ya rasu, abin ya koma hannun Yaya.

Ya matsa wa likita har aka bar shi ya shigo na ɗan lokaci. Nas na fita, sai ya zaro 'yar gora daga cikin riga.

"Ungo, shanye. Tun jiya nake karatu a kai."

Na ce, "Yaya, ka yi tofi a ciki?"

"To me zan yi a ciki, waƙa?"

"An hana."

"Zamzam ɗin aka hana? A Makka?"

"Ba zamzam ba, ana tafasa mini ina sha. Yawun ne."

Ya tsaya yana kallona. "Yawuna? Kai, ɓargona ne a cikin ƙashinka yanzu. Shi bai kashe ka ba, sai yawu?"

Karatuna bai wuce firamare ba, kuma maganarsa ta fi ta likitan shiga kunne. Na ce ya tsaya nan inda yake ya karanta mini, ai Allah na ji.

"Haka Baba ya yi mana? Da ka yi ƙyanda, daga bakin ƙofa ya karanta maka?"

Ya matso, har ya buɗe murfin. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ga bakin nan nawa mai gyambo.

"Ba zan sha ba! In na mutu, ɓargon naka ya tafi a banza, ka ji daɗi?"

Tunda aka haife ni ban taɓa yi masa tsawa ba. Ya rufe gorar a hankali, ya ce, "Halas, shi ke nan," ya fita.

Bai sake zuwa ba. Labari ya gama dangi: ya ba ni rai, na kore shi. Ina fama da gudawa da amai, ga waya tana kuka, kowa na so ya koya mini ladabi. Na kashe ta na jefa a durowa.

Ƙwayoyin dai suka tashi, zazzaɓi bai zo ba. Ranar sallama matata ta ce mota na jira a ƙasa. Ashe Yaya ne. Ya wanke motar da maganin kashe cuta har idona na yaji, ya rufe fuska ruɓi biyu, ya nuna mini kujerar baya da haɓa. Har muka isa gida bai ce mini sannu ba. Ni ma ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba, don ga ni a raye. Shi kuma har yau, ko gidan suna muka haɗu, sai ya nuna ni ya ce wa mutane, "Kun ga wannan? Ɓargona ya karɓa hannu bibbiyu, yawuna ne yake ƙyama."