Bututun Malam da Kunnen Fada

Cocinmu a bayan Kura ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, kuma Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, a kan babur da ke tari kamar tsohon mashayin taba. Ba mu da akwatin ikirari, inda ake faɗa wa Fada zunubi, irin na manyan coci-coci. Kujera ake kai masa gindin darbejiya, a rataya zanin matar katikis, mai koya mana addini, a tsakani, wai don kada ya gane mai magana. Mu talatin ne a cocin. Ko atishawa ka yi ya san ɗan waye.

Ga abin da ya kai ni gindin bishiyar nan. Gonar tumatirinmu tana jikin gonar albasar Malam, maƙwabcinmu, wanda shekara da shekaru shi da Baba suke cin ƙosai a takarda ɗaya. Ranar da layin ruwa ya zo kan Malam, ya jera bututunsa na zuƙo ruwa a bakin kwatar ban-ruwa ya tafi Azahar. Ni kuma ina son in gama ban-ruwa da wuri in tafi kallon ƙwallo, sai na juya bututun guda huɗu zuwa namu. Na ce minti goma. Aka ci ƙwallo, aka rama, na manta. Ruwa ya kwashe kunyoyin da ke tsakanin gonarmu da ta Malam, ya kwantar da dashenmu, albasar Malam ta kwana da ƙishi.

Baba ya rantse yaran Malam ne suka yi mana da gangan. Ya daina gaishe shi. Sati uku ƙosai bai ga takarda ba, ni kuwa ina cin tuwona har da ƙari.

Katikis ya koya mana cewa sai ka binciki zuciyarka, ka faɗi zunubi da irinsa da adadinsa. Ni na binciki tawa na ga gara in fara da ƙanana. Na durƙusa na zuba: na zagi ƙanwata, na yi barci a wa'azi, na lashi miya. Sannan na haɗiye murya na ce, "Kuma na ɗan yi wasa da ruwa."

"Wanka ka yi?" in ji Fada.

"A'a, Fada."

"To wane irin wasa? Ruwan wa?"

Haka ya yi ta zaro maganar kamar mai cire ƙaya, har bututu na huɗu. A bayana kuwa matan zumunta suna layi suna auna min lokaci. Wanda ya daɗe a gindin darbejiya, kafin yamma an ƙirƙiro masa zunubi uku da bai taɓa yi ba.

"Ka yi nadama?"

"Ƙwarai, Fada. Musamman in na tuna bel ɗin Baba."

Na ji zanin ya motsa, ina jin dariya ya danne. Ya ce tsoro ma mafari ne, amma ba a nan ake tsayawa ba. Ya ba ni addu'o'i, sannan ya ce in je in gyara kunyar da na karya. "Ba zan faɗa wa kowa ba, ba ni da ikon haka. Amma laifinka yana kan yaran da ba su ji ba su gani ba. Wannan kai za ka sauke shi."

Matsalar ita ce a gidanmu Fada yake cin abinci bayan sujada. Mama ta zuba masa tuwo, Baba ya gyara zama ya ɗauko labarin bututu tun daga tushe. Can ya rage murya. "Fada, ku da kuke jin komai, ba wanda ya ɗan taɓo maganar?"

 Na fara lissafin nisan garin Garun Malam da ƙafa, in ta kama gudu.

Fada ya ce, "Baba, abin da ya shiga kunnena a can, ko wuƙa aka sa min a wuya ba ya fitowa. Mama, akwai sauran miya?"

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Wallahi da ya harare ni da ya fi min sauƙi.

Washegari na ɗauki fartanya na nufi gonar Malam. Ya bar ni na yi kunya biyu, gumi har cikin ido, kafin ya ce, "Yaro, wancan bututun na ƙarshe ka sa shi a karkace ran nan. In za ka yi sata, ka iya."

Ashe daga masallaci ya hango ni. Na ce me ya hana shi faɗa wa Baba? Ya ce, "In na faɗa, ya ce ina kare 'ya'yana ne. Daga bakinka zai fi daɗi."

Wato mutum biyu suna riƙe min asiri, ɗaya don dokar coci, ɗaya don ya ga iya gudun ruwana, ni kaɗai ne nake zaton na iya ɓoyo.

Na faɗa wa Baba da rana tsaka, a bakin kwata, inda akwai shaidu da filin gudu. Hakan bai hana bel sauka ba. Amma da La'asar na hango shi, ina tsaye don zama bai yiwu ba, ya nufi gonar Malam da ƙosai a takarda. Ko ɗaya ba su rage min ba.