Waiwayen Kawu Direba

Kawuna direban motar makaranta ne, kuma yana da wata ɗabi'a mai ba mutane haushi: ba ya ja da baya sai ya juya wuya ya duba da idonsa. Madubi, a cewarsa, na masu gyaran gashin baki ne, ƙaramin yaro ba ya fitowa a ciki. A yi ta danna masa hon, ko a jikinsa.

Da wuyansa ya fara kauri, barka muka yi ta yi masa. Matarsa har da fahariya, wai girkinta ne ya karɓe shi. Ashe ciwo muke yi wa murna! Kitse ne ya taru dama da hagu, daidai wa daida, ya zagaye ƙeya ya sauko kafaɗu kamar an rataya masa matashin kai. Wani ya ce maƙoƙo ne, wani ya ce ciwon daji ne, kowa ya zama likita.

Ranar da ya juya wuyan ya ƙi juyuwa, kashe motar ya yi, ya miƙa wa shugabar makarantar makulli. Ta roƙe shi, ta ce ga madubai nan, kuma ko kaza bai taɓa takawa ba. Ya ce shi ba zai ja da baya cikin 'ya'yan mutane a kan zato ba. Wallahi na ji haushinsa, ga iyali a gida. Yau kuwa da shi nake alfahari.

A babban asibiti aka ɗauki hoton wuyan, aka yanki ɗan kitsen aka auna. Likitar ta ce ba daji ba ne, wata cuta ce da ba kasafai ake gani ba. Kitsen yana ratsa tsakanin jijiyoyi, rage cin abinci ba ya taɓa shi, sai dai tiyata, kuma yana iya dawowa. Da ta fara zancen tabon da zai rage, sai ya katse ta.

"Likita, bar batun kyau, na riga na yi aure. Zan iya waiwaye?"

Sau biyu aka shiga da shi tiyata, gaban wuya sannan ƙeya. Yana jinya yana gwada juyi kaɗan-kaɗan, matarsa a tsaye bayansa tana ɗaga yatsu, shi kuma yana faɗin nawa ne. In ya yi canke ta gane, ta ce sake.

Ranar da ya koma aiki na bi shi. Yara suka shiga, ya ta da mota, ya ɗora hannu bayan kujera, ya juya a hankali har tabon ya miƙe. Ya daɗe yana kallo. Na gaji na ce masa ai babu kowa.

"Ke kin ce," in ji shi. "Ni na gani."

Sannan ya sa giyar baya.