Man Shafawar Mista Wilfred

Ranar Litinin ta farko bayan hutun sanyi, ina da shekara tara, malamar wasanni ta ce kowa ya naɗe hannun riga. Ina naɗewa ta ga dantsena ya yi jajur, ya tashi bororo kamar an ɗora mini cokali mai zafi. Ta tambaye ni wa ya yi mini haka, ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya jiran tunani na ce Ummata ce. Gaskiya na faɗa, don ita ta shafa mini maganin, amma ban kai ga zancen magani ba ta ja ni ofis. Kafin a tashi an sanar da Umma cewa wata mata daga council, wato hukumar gari mai sa ido kan lafiyar yara, za ta zo ranar Laraba, ta duba ko ya dace in ci gaba da zama a hannunta.

Maganin na Mista Wilfred ne, tsohon Baturen da muke haya a saman shagonsa a unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa. A bayan shagon akwai injin ɗab'i da ya gada wurin babansa, yana buga ƙananan littattafai na kiwon zuma da dashen itatuwa, waɗanda ban taɓa ganin wani ya saya ba. A gaba kuma kwalabe ne jere, maganin tari da man shafawa, duk haɗin hannunsa. Ran Asabar sai ya zura kwat ɗin ulu, ya ɗau sanda, ya hau jirgin ƙasa zuwa 'yar gonarsa a ƙauye, ya dawo mana da tuffa da ƙwai yana taku kamar mai gari. Shekarun ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an rufe laburaren unguwarmu, ganin GP, likitan unguwa, kuwa sai ka yi makonni kana jira. Mu yara muka mai da shagonsa wurin karatu da wasan ɓuya, iyayenmu suka mai da shi asibiti. Da ƙaiƙayi ya dame ni, wurinsa Umma ta sauka. Ba shi da takardar izinin sayar da magani, duk layin an sani, an kuma yi shiru.

Laraba ta yi, Abba yana Birmingham wurin aiki, sai Juma'a yake dawowa. Matar ta zauna da fayil a cinya, ta ce Umma ta ba ta labarina. To, ni ce 'yar fari, Umma kuwa irin matan nan ne masu alkunya, ba ta kama sunana, ba ta yabona a gaban mutane. Sai ta kau da kai ta ce waccan ai ba ta da matsala. Matar ta tambayi dalilin da ba ta faɗin sunan 'yarta, Umma ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Na ga biron matar yana gudu a kan takarda. Umma ta yi bayanin maganin, amma da aka zo kan inda ta samo shi, nan ma ta ja bakinta ta tsuke, don a wurinta tona asirin maƙwabci ba tarbiyya ba ce. Na buɗe baki zan faɗa, ta watso mini harara. Wallahi ranar na ji haushin uwata, na kuma ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Muna cikin haka muka ji ƙarar sanda a matakala. Mista Wilfred ya shigo yana haki, ya dire kwalbar man shafawar a kan tebur.

"Ni na haɗa shi, ni na sayar mata, kuma ya fi ƙarfin fatar yarinya," in ji shi. "Shekara biyar ina jin motsin gidan nan a kaina, ban taɓa jin an daki yaro ba. Ki rubuta sunana, ki ƙyale matar nan."

Matar ta tambaye shi ko ya san abin da zai biyo baya, ya ce ya sani. Sau biyu ta sake zuwa, sannan ta rufe fayil ɗinmu. Shi kuwa masu bincike suka zo suka kwashe kwalaben kaf. Ashe maganin ne yake riƙe da injin da gonar, duk suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ya tattara ya koma wurin ƙanwarsa a Birmingham. Ranar tafiyarsa Umma ta yi ta kirana in zo mu yi sallama, na maƙale a bayan labule, don na san bakina ne ya jawo masa.

Yau ni ma a Birmingham nake da nawa yaran. Maganinsu a rufe yake zuwa da takardar likita, kuma ban ƙi ba, ya fi aminci. Amma in ina cikin bas a unguwar Sparkbrook, duk tsohon da na hango sai na leƙa fuskarsa, ko da yake na san da wuya a ce yana raye. Na zauna a hannun uwata har ta kai ni ɗakin miji. Shi kuwa ko saukowa ban yi na ce masa na gode ba.