Ɗan Mahauci a Gaban Sahu

Assalamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ɗan mahauci ne, jikan mahauci, daga wani ƙauye na wajen Bande a ƙasar Magarya. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi sunan garin ba, don kada mutanen wani gari su karanta su ce ai ba da su ake ba. Lokacin da abin nan ya same ni ina matashi mai sabon aure, ban daɗe da dawowa daga karatu a Damagaram ba, da littattafai a buhu da wauta cike da kai. Wautar kuwa ita ce na ɗauka idan mutum ya yi karatun addini, ya kama kansa, mutane za su daina duban gidan da ya fito. Babana ma haka ya ɗauka, shi ya sa ya hana ni zaman tukubar nama tun ina ƙarami, ya tura ni neman ilmi.

Sai na ba ku labarin babana kafin ku gane abin da ke cina. Mutum ne mai shiru, jam'i ba ya wuce shi, amma kullum a ƙarshen sahu yake tsayawa, can wajen takalma. Ranar kasuwa shi ke ɗaure bijimi, shi ke kayar da shi, shi ke wasa wuƙa har ta yi ƙyalli. Idan komai ya daidaita sai ya miƙa wuƙar ga malamin yanka, ya ja da baya, ya haɗa hannu a baya kamar mai laifi. Malam ya yi bisimilla ya yanka, ya ɗauki rabonsa na wuya ya tafi, a bar wa babana jini da fiɗa da wankin tumbi. A garinmu ba a yarda mahauci ya yanka abin da jama'a za su ci ba, wai ba a amince da bisimillarsa ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce haka aka tarar, in ci abincina in yi shiru. Ba a ba mu aure a manyan gidaje, ba a neman namu, amma ranar suna ko biki ƙofarmu ake fara bugawa.

Da na dawo, limamin garin ya tsufa, gwiwa ta hana shi sakat. Shi ya fara koya mini karatu, yana kuma sona tsakani da Allah. Ya bar mini yaran makarantarsa ina ɗora musu. Wata rana da la'asar ciwon ya kwantar da shi, ya aiko wa ladan cewa ni zan ja salla. Na shiga gaba, na yi salla kamar yadda aka koya mini. Ina sallamewa na juyo, sai na ga ƙanen maigari, wani dattijo mai farin gemu da babbar riga, ya miƙe. Wasu dattawa suka bi shi. Ba su fita ba, da ma fita suka yi da ya fi mini sauƙi. Gefen masallaci suka koma, ɗaya ya yi iƙama, suka sake la'asar ɗin daga farko, a gabana, a gaban yaran da nake koyarwa. Na duba ƙarshen sahu na hango babana, kansa a sunkuye, yana jan tasbaha. Wallahi har yau in na tuna wannan sunkuyawar sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Washegari na ɗauki littattafaina na tafi zauren dattijon nan, don ya nuna mini inda aka ce sallar da ɗan mahauci ya ja ba ta yi ba. Ko buɗe su bai bari na yi ba. Cikin fara'a ya ce ai karatuna babu mai shakkarsa, kowa ya san na fi ƴaƴansa, amma wanda ya tashi cikin jini da ƙazantar tumbi zuciya ba ta kwanciya a bayansa, kowa da matsayin da Allah ya ajiye shi. Na miƙe zan fita raina a ɓace, sai ya kira ni ya ce in gaya wa babana ya ajiye masa hanta ranar kasuwa, mai kyau irin wadda ya saba. Ku ji fa! Mahaucin da dattijon ya ƙi bin ɗansa salla, hannunsa ne yake so ya zaɓar masa hanta. Da na koma gida babana ya roƙe ni in yi haƙuri, in bar musu gabansu, tunda gonar da muke nomawa ma aro ce daga gidan maigari. Na ji maganarsa, ban ƙara shiga gaba ba. Hantar kuwa ya ajiye, da kansa ya kai.

Da damina ta tsaya ciwo ya kama babana. Muka ɗora shi a amalanke zuwa asibiti, aka yi magani, muka dawo, jiki bai yi daɗi ba. Da ya ga alamar ba tashi, ya sa aka ɗauko liman, aka kira ƙanensa baffana. A gabansu ya yi wasiyya cewa idan ya cika, ni ɗansa ni zan yi masa salla. Ya ce duk rayuwarsa yana wasa wuƙa yana miƙa wa wani, yana ja da baya, to wannan karon ba ya so a miƙa shi ga kowa. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba. Liman ya ce ya ji, shari'a ma ta ba shi wannan haƙƙi. Ni kuwa na kama hannunsa na yi masa alkawari.

Da hantsi ya rasu. Muka yi masa wanka, muka sa likkafani, aka fito da makara filin ƙofar masallaci. Mahauta suka zo a kan moto, wato babur, daga Kwaya, har daga Dogo-Dogo, ga maƙera, ga wanzamai, ga mutanen gari. Aka daidaita sahu. Liman ya dogara sanda ya faɗi wasiyyar mamaci. Buɗar bakin ƙanen maigari sai ya ce, ba tare da ya rage murya ba, idan ana so Allah ya karɓi addu'ar da za a yi wa bawan Allahn nan, a sa wanda babu shakka a sallarsa, shi tausayin mamacin ne ya sa ya yi magana. Tausayi! Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin hanta daga hannun babana bai taɓa gayyatarsa kan tabarmarsa ba, yau ga shi da tausayi. Baffana ya jawo hannun rigata yana raɗa mini in bari don Allah, in tuna gona, in tuna iyali, mamaci ya riga ya tafi, mu ne za mu zauna da mutanen nan.

Na fito na tsaya a gaban sahu, kusa da makara. Abin da na ce kawai shi ne ga babana nan, mai son yi masa salla ya tsaya, wanda ba ya so ga inuwa can. Na yi kabbara. Ina jin takun mutane suna zamewa a bayana, ina jin ƙarar takalma, ba damar waiwaye. Na gama kabbarorin hawaye na zuba a gemuna. Da na sallame na juyo, sahu ya rage ƙwarai. Mahauta suna nan, maƙera da wanzamai suna nan, da wasu samari ƴan manyan gidaje da suka ƙi bin iyayensu, da tsohon liman daidai bayana, a tsaye bisa gwiwar da ke hana shi barci. Dattawan suna can ƙarƙashin bishiyar bedi sun yi cirko-cirko. Ba su ji kunya ba suka aiko cewa a dakata da makarar, za su yi masa salla ta sosai. Wato yadda suka sake la'asar, haka za su sake sallar gawar babana. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya gaya musu an riga an yi. Muka ɗaga makara muka wuce ta gabansu zuwa kushewa.

Ranar sadakar uku abokan sana'ar babana suka kawo nama, aka dafa. Su waye suka fara zuwa? Su ne, da manyan rigunansu, suka hau tabarmar da ta fi kyau. Suka ci, suka suɗe yatsu, babu wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ƙanen maigari har ya yi ajiyar zuciya ya ce garin ya yi rashi, yanzu wa zai riƙa zaɓar masa hanta. Ban san yadda na riƙe kaina ba. Bayan nan aka janye yara daga makarantata ɗaya bayan ɗaya, kafin shuka ta gaba aka karɓe gonar. Baffana har yau bai daina ganin laifina ba, kuma ba na jin haushinsa, shi ma yunwa yake tsoro. Na kwashe iyalina na koma Magarya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, kwanan baya a majalisa muna jin rediyo ana labarin wasu mutane a Indiya da ake ƙyamar su tun daga haihuwa saboda sana'ar kakanninsu, suna ta fafutukar a ɗauke su daidai da kowa. Sai ƴan majalisa suka shiga girgiza kai suna Allah ya kyauta, wai mu dai mun gode Allah babu irin wannan a ƙasarmu. Na dube su ɗaya-ɗaya. A cikinsu wa zai ba maƙeri ƴarsa? Wa zai ci kwano ɗaya da majemi bai yamutsa fuska ba? Ku da kuke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mu a sahu, kuna auna mu da gidan da muka fito, ku ji tsoron ranar da za a kwantar da ku cikin likkafani irin na babana, yadi ɗaya, rami ɗaya, babu mai tambayar sana'ar kakanku. Ku kuma ƴaƴan mahauta da maƙera da wanzamai da majema, kada ku ɗauka shiru zai sa a tausaya muku. Mun yi shirun, hanta kawai aka ƙara nema.

Nadamata guda ce. Da na ji maganar haƙuri na koma baya, babana ya mutu alhali sau ɗaya tak ya taɓa yin salla a bayana, ita ce kuma wadda aka sake a kan idonsa. Yanzu da safe ina koyar da yara, ranar kasuwa ina fawa, ban ɓoye wa kowa ba. Wuƙarsa tana wurina. Ni nake wasa ta, ni nake yin bisimilla, kuma ban taɓa miƙa ta ga kowa ba.