Ranar da Na Laƙanta wa Yayana Kalma

A duk gidanmu na Kontagora ni kaɗai Yaya ya gaya wa da bakinsa cewa bai yarda akwai Allah ba. Ban roƙe shi wannan amana ba, kuma har yau ina jin haushin zaɓena da ya yi. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma bayan rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe mu, ni da Inna. Malamin dabbobi ne, aikinsa bin rugage a kan babur yana yi wa shanu allura, daga Rijau har Nasko. Fulani suna ji da shi, ba ya dawowa gida ba tare da goran nono ko man shanu ɗaure a bayan babur ba. Kowace Juma'a kuwa sai an sami saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama a wani daji mai nisa. Mutanen unguwa suna cewa aiki ya yi masa yawa, ni ma haka na ɗauka.

Ranar da ya faɗa mini ina yanka kuɓewa a tsakar gida, Inna ta tafi barka. Tsokanarsa nake yi, na ce shanun Rijau sun iya zaɓen ranar naƙuda, ba sa tashi sai liman ya hau mumbari. Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna kusa da ni, ya ce, “Auta, ba raini ba ne, ba kuma lalaci ba. Na nema iyakar nemana, ban samu ba. Na gaji da yi wa kowa ƙarya, ina son mutum ɗaya ya san ni.” Na ajiye wuƙar. Abin da na iya cewa kawai shi ne kada Inna ta ji, ya ce shi ma abin da zai roƙe ni ke nan.

Daga nan na zame masa ƙarfen ƙafa. Ni mace ce mai baki, kuma na yi Islamiyya daidai gwargwado, don haka duk hujjar da na tsinta sai na kawo masa tun da zafinta. Amma tambaya ɗaya ce na fi dawowa kanta: “Yaya, in kuma kai ne ka yi kuskure fa?” Da farko wasa ya mayar da abin. Ya ce to sai in yi masa alfarma in riƙa miƙo masa ruwan sanyi ta taga. Na ce Allah ya shirye shi, na tashi na bar masa wurin.

Wani lokacin kuma ya amsa da gaske. Yana da abokin aiki, Bakambare Kirista, mutumin kirki da ke zuwa mana da doya duk shekara. Yaya ya ce, “Kin san shi ma tambayar da yake yi mini ke nan? Kalma ɗaya ba ku bambanta ba. Ke kina jiye mini wutarku, shi yana jiye mini tasu, kuma kowannenku yana ganin ɗayan ma a kan kuskure yake. In don tsoro zan zaɓa, wacce zan fi tsoro?” Raina ya ɓaci ƙwarai da ya haɗa ni da wani a ma'auni ɗaya. Na daina gaishe shi na ɗan lokaci, har Inna ta fara tambayar abin da ya shiga tsakaninmu, dole na sauko.

Haka muka yi shekaru. Na yi aure a cikin gari, na haihu. Matar da Yaya ya aura ta fahimci halin da ake ciki ta koma gidansu, kuma Allah ya saka mata, ba ta tona masa asiri ba. Sai ciwon hanta ya kama shi. Ya yi ta rama, idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Da damina ta kankama likitoci suka ce a koma da shi gida, kowa kuma ya san ma'anar wannan. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kallon na Inna, ni kuma na dawo gida jinya.

Wata rana da hantsi ina ba shi kunu a cokali na sake yi masa tambayar, amma wannan karon ba faɗa na kawo ba, kuka nake yi. Ya daɗe yana kallon rufin kwano kafin ya ce, “Zai iya yiwuwa na yi kuskure. Kada ki ɗauka ban taɓa tunaninsa ba. Yanzu ma ba ni da wani aiki sai shi.”

Na ce, “Kana jin tsoro?”

Ya ce, “Ina ji.”

Na ce, “To ka faɗa mana, Yaya! Kalma ce fa, ko numfashi ɗaya ba za ta cinye maka ba. Me za ka rasa?”

Ya ce, “In babu Shi, gaskiyarki, ban rasa komai ba. Amma in akwai Shi, Auta, Shi ne kaɗai wanda ba zan iya yi wa wayo ba. Ai ku kuka ce yana ganin zuciya. In na je na tarar da Shi, na fi son in ce na nema ban gane ba, da in je da maganar da ni da Shi duk mun san tsoro ne ya sa ni faɗa.”

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da na rasa amsa a ranar da na fi bukatarta. Na goge masa baki da gefen zane na fita da kwanon.

Akwai abin da Inna ta koya mana, ni da Yaya, tun ina budurwa, lokacin da kakarmu take gargara. Ta ce ba a cewa mai mutuwa “ka ce kaza”. Zama ake yi kusa da kunnensa a riƙa faɗin kalmar shahada a hankali, shi da kansa zai kama ya bi. Dalili shi ne zafin fitar rai yana iya sa mutum ya ce “a'a” ko “ƙyale ni”, sai ya zama da wannan ya cika. Wannan shi ake kira laƙantawa. Ga sauran mutane kiyayewa ce kawai. A wurina kuwa ita ce hanyar da ta rage, domin na san in na ce wa Yaya ya faɗa, amsar da zai ba ni ita ce wadda ake gudu.

Ranar da zai tafi an yi ruwa da rana, ya ɗauke gab da la'asar. Kawunmu da ke zaune da mu ya fita masallaci, Inna ta shiga ɗakinta salla. Numfashin Yaya ya canza, yana ja yana tsayawa. Na matsa kusa da kansa, na kama hannunsa, na fara faɗin kalmar ƙasa-ƙasa kamar da kaina nake. Ban kalle shi ba. Na yi ta maimaitawa ina jin ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti.

Sai na ji ya ce, da muryar da ta kusa ƙarewa, “Auta, ba ki iya wayo ba.”

Na dakata, kunya da tsoro suka rufe ni. Ashe idonsa biyu, kuma ya san abin da nake yi, ai tare aka koya mana. Na jira in ji ya ce in daina, ina roƙon Allah a zuci kada ya furta.

Ya ce, “Ci gaba. Ba zan iya binki ba. Amma ki ci gaba, ina son ji.”

Na ci gaba. Wannan karon idona yana kan leɓunansa, ko ƙiftawa ba na son yi. Can na ga sun motsa. Na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinsa. Ruwa yake nema. Na ɗiga masa da cokali, rabi ya shiga rabi ya bi gefen baki. Na koma kan kalmar ina yi ina kuka, ban san lokacin da hannunsa ya saki nawa ba.

Inna ta shigo da carbi a hannu. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Ta yi salati, ta durƙusa ta shafe masa idanu, ta yage bakin mayafinta ta ɗaure masa haɓa, duk ba ta zubar da hawaye ba. Sannan ta juyo ta yi mini tambayar da kowa ke yi a irin wannan lokaci: “Ya samu kalma?”

Na ce, “Da ita a kunnensa ya cika, Inna.”

Ta ce, “Ba kunne na tambaye ki ba.”

Na sunkuyar da kai. Ana jin liman yana sallame salla a masallacin unguwa. Sai ta ce, “Ɗago kanki. Ni na haife shi. Buzun sallar da na saya masa tun yana saurayi yana nan a bayan ƙofa, har yau gashinsa bai kwanta ba. Kuna ɓoye mini, ni kuma ina ɓoye muku na sani.”

Ta gyara zama a gefen katifar, ta ɗaga hannuwa ta fara roƙa masa gafara, tana kiransa da sunan da take kiransa yana jariri. Na tuna abin da aka karantar da mu game da wanda ya mutu a irin halinsa, na ce, “Inna, kin san fa malamai sun ce...”

Ta ce, “Na san abin da suka ce. Ki yi shiru ko ki ce amin.”

Na ce amin. Har yau kullum bayan salla ina roƙa masa, kuma ban taɓa zuwa na tambayi wani malami ko ya halatta ba, don ina tsoron abin da zai ce mini.