Golan da Aka Bari a Baya

Na zo mahautar Abattoir sayen nama, amma mahaucin ko kallona bai yi ba. Gajere ne mai furfura, yana ɗingishi irin na tsofaffin 'yan ƙwallo. Musu yake da wani Alabi, don an zaɓi gwanayen 'yan wasan Jos, an bar Sharafaddeen, golan unguwarsu.

"Haba Oga Alabi! Wa ya kai yaron nan kama fenariti?"

Alabi ya ce, "Malam, tsawo ne ba shi da shi."

Mahaucin ya ɗaga dugadugansa kamar mai neman ƙarin tsawo, ya sauke a hankali. Ina jin shi ma an taɓa gaya masa haka. Ya kai wa ƙashi wani mugun sara, ni kuwa na fasa yi masa ƙorafi.